A Riga Bulo Isa Fili

Ina gaida mutanen Nasarawan Doya, manya da yara. Ina gaida na Makarfi da Gubuci da Gazara da Gimi da Mayere. Gaisuwa ga na Hunƙuyi da Kudan da Ikara, da duk wanda muryar nan ta iske, ko yana zaure, ko yana tsakar gida, ko yana bakin gona.

Yau zancen fili za mu yi, wato yadda gari yake faɗaɗa. Wa yake shata sabuwar unguwa? Ta ina hanya za ta bi? Ruwan sama fa, ina zai nufa? Wanda ya tare a can kuma, da wace sana'a zai ci abinci?

Gari ba ya jiran izinin kowa kafin ya faɗaɗa. Ana haihuwa, ana aure, ƙane yana fita daga gidan wansa. Waɗanda rashin tsaro ya taso daga wasu yankuna suna neman wurin zama. Gari zai ƙaru, da tsari ko ba tsari. Saboda haka maganata a yau guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina maimaita ta. Ƙaramar hukuma ta riga bulo isa fili. Ta je ta fitar da hanya, da magudanar ruwa, da wurin sana'a, tun gona tana gona.

To, bari mu fara da abin da kowa yake gani da idonsa.

Magidanci ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya bar gona a bakin gari. Magada sun yi yawa, gonar ba za ta ishe su noma ba. Wannan yana neman kuɗin aure, wancan yana son babur, waccan tana son jari. Sai a kira dillali. Dillali ya zo da igiya da yaransa, a yanka gonar fuloti-fuloti. A kafa turaku, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sa nasa. Shi ke nan, an gama. Wannan shi ake kira awon igiya.

Ni ban ga laifin dillali ba, sana'arsa yake yi. Amma lissafinsa ɗaya ne, fuloti nawa za su fita. Duk taku ɗaya da ya bari saboda hanya, a wurinsa asara ce. Sai ya bar ɗan siririn lungu, wanda in amalanke biyu suka yi karo dole ɗaya ta koma da baya. Gonar da ke kusa kuma wani dillalin ne zai yanka ta, bayan shekara biyu ko uku, da nasa lissafin. Lungun wannan ba zai haɗu da na wancan ba. Ka bi layi ka bi layi, sai ka ga katanga ta tare ka.

Da rani ba a gane ɓarnar. Sai damina ta kankama. Ruwan da ya saba bin kwari ya zo ya tarar an yi gini a kan hanyarsa. Ruwa kuwa ba ya sauya ra'ayi, ɗakin mutane zai shiga. Wannan ya tare da buhunan ƙasa, ya tura wa maƙwabcinsa. Maƙwabci ya fusata, a tafi gaban mai unguwa. Mace tana naƙuda da tsakar dare, mota ba ta iya shiga layin, sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Masai na wannan gida yana jingine da rijiyar wancan. An samu taransifoma da kyar, an rasa inda za a dasa ta. Yara sun yi yawa, babu filin makaranta. Maƙabarta ta cika, kuma gidaje sun kewaye ta ta ko'ina.

Daga nan sai a fara kiran gwamnati ta zo ta gyara. Gyaran unguwar da aka riga aka gine kuwa sunansa rusau. Mutanen Zariya da Kaduna da Kano sun san ɗacin wannan kalma. A rushe ɗakin da mutum ya tara kuɗinsa kwabo-kwabo, a yi ta shari'ar diyya, a bar gaba tsakanin jama'a da hukuma. Alhali da an zo da wuri, turaku da fenti kawai za a kashe wa kuɗi. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Shi ya sa na ce a riga bulo isa fili.

Yanzu bari mu waiwayi tarihi, don wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. An taɓa yin sa a nan kusa da mu, a Anchau.

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi wannan yanki. Ƙudan tsando ne yake yaɗa shi, shi kuma yana zama a duhuwar bakin rafi, inda mutane suke ɗiban ruwa da wanki. Gwamnatin Turawa ta ɓullo da wani shiri a ƙarshen shekarun, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash, yana cikin jagororin aikin, shi ne kuma ya rubuta rahotonsa a 1948. Aka sassare duhuwar rafuka. Aka taso mutanen ƙananan ƙauyuka da ke warwatse a daji, aka zaunar da su a sababbin garuruwa. Tsohon garin Anchau ya cushe a cikin ganuwa, saboda haka aka shata sabon gari a gefensa, aka sa masa suna Takalafiya.

Ku lura da yadda aka yi. Kafin mutane su tare, an fitar da tituna masu faɗi. An bar sarari tsakanin rukunin gidaje saboda gobara. An haƙa rijiyoyi, an ɗaure su da siminti. An ware wurin kasuwa da mahauta, an yi ɗakin shan magani da makaranta, an dasa itatuwa. Yau Anchau ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kubau. Kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin hatsi na wannan yanki, manyan motoci suna lodi daga can zuwa sassan ƙasar nan. Abin da aka shata a ƙasa tun farko ya ba garin wurin miƙe ƙafa.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen, kuma ina so shugabanninmu su kasa kunne a nan. Ba a yi shawara da talaka ba. Umarni ya fito daga Bature, ya bi ta fada, ya sauka kan hakimi. Hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa talaka. Aka ce tashi, ya tashi. Aka ce sare, ya sare. Bayan kimanin shekara ashirin wani masani ɗan Amurka, Horace Miner, ya zo ya zauna a Anchau don ya ga abin da ya rage. Ya wallafa bincikensa a 1960. Abin da ya tarar shi ne, mutane da yawa ba su taɓa gamsuwa cewa ƙuda ne yake kawo ciwon ba. Sun yi saran rafi ne don an ce su yi. Inda idon hukuma ya ɗauke, aikin ya yi sanyi.

Wannan shi ne abin da Takalafiya ta bar mana. Titi da rijiya da kasuwa sun zauna, don kowa ya ga amfaninsu. Abin da aka ɗora wa mutane ba tare da an fahimtar da su ba, ya bi masu umarnin. To, duk ciyaman ɗin da zai shata sabuwar unguwa a yau ba shi da ƙarfin Bature, kuma bai kamata ya nema ba. Abin da yake da shi shi ne zama da mutane. Zan dawo kan wannan.

Mu matsa zuwa batu na gaba, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi. Batun sana'a.

Da an ce sabuwar unguwa, hankalin kowa sai ya tafi kan gidaje. Gida nawa za a gina, ɗaki nawa, wa zai samu. Amma mutum ba ya tarewa a wuri don kyan gini. Yana tarewa ne inda zai samu abin sawa a baki. Ku dubi Samaru. Tashar binciken aikin gona ce ta fara zama a can, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, gari ya taru a kansu. Sabon Garin Zariya jirgin ƙasa da kasuwa ne suka raya shi. Dawanau a Kano kasuwar hatsi ce ta mai da ita abin da take a yau. Ko nan Tashar Yari, ai hanya ce da masu wucewa suka tara mata jama'a. Ko'ina ka duba, aiki ne yake gaba, gida yana biye.

In aka juya lamarin, aka sa gida a gaba, mun ga abin da yake faruwa. Dattawa suna tune da gidajen Shagari na farkon shekarun 1980. Niyya mai kyau ce, a sama wa mai ƙaramin ƙarfi muhalli. Amma a wurare da dama an kai gidajen can bayan gari, ba ruwa, ba kasuwa, ba abin hawa. Wasu suka yi shekaru ba kowa sai jemagu, har sai da gari ya faɗaɗa ya cim musu. A Kano ma, rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su da kyau, da tituna da fitilu. Duk da haka da yawa daga cikinsu sun daɗe a kulle, masu su suna cikin gari inda harkokinsu suke.

To, mu a nan mene ne aikinmu? Ba sai an yi dogon bincike ba. Makarfi da rake aka san ta, da mazarƙwaila. Ikara da tumatir da attaruhu. Kudan ga rake, ga kayan lambu, ga inabi da ya fito da sunanta a 'yan shekarun nan. Ga masara da waken suya da shinkafa ko'ina. Duk wannan kaya yana buƙatar wurin saukewa, wurin aunawa, wurin shanya, wurin ajiya, wurin lodi. Yanzu a ina ake yi? A bakin titi. Ana shanya tumatir a gefen kwalta, ƙura tana hawa, mota tana bi ta kai. Ana lodin rake a tsakiyar hanya, a tare masu wucewa. Mai walda yana aiki a ƙofar gidan mutane. Injin niƙa yana jikin ɗakin tsohuwa mai hawan jini.

Wani zai ce, ai sai a kawo mana babban kamfani. Madalla in ya zo. Amma mutanen Ikara za su ba ku labari. An kafa kamfanin sarrafa tumatir a garin a 1981, zamanin Gwamna Balarabe Musa. Ya shafe shekaru masu yawa a rufe kafin a sake tayar da shi. A duk tsawon lokacin nan, wa ya riƙe garin? Manomi da ɗan kasuwa da direba da ɗan dako da mai gyaran injin ban ruwa. Waɗannan su ne masu ɗaukar matasanmu aiki, da ɗaya-ɗaya da biyu-biyu. Su ya kamata a fara yanka wa fili. A ware musu wuri a bakin babbar hanya, inda tirela za ta shiga ta juya. A sa kanikawa da masu walda da kafintoci a layi guda, kusa da wuta. A yi dandamalin shanya na siminti. A bar filin rumbunan ajiya, ko da ba a gina su yau ba. Saurayin da ya samu rumfa a nan, da wuya ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Abuja ko Legas.

Kada kuma a manta da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata. Su masana'antarsu tana cikin gida. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awara, taliya, surfe, ɗinki, kiwon tumaki da kaji, duk a tsakar gida ake yin su. In aka matse fuloti har tsakar gida ta ɓace, an rufe wa mace shagonta ke nan ba tare da an sani ba. In aka kwafo dokar wata unguwar masu kuɗi, aka ce ba a sana'a a gidan zama, an yi mata illa sau biyu. Mai shata unguwa a ƙasar Hausa dole ya san wannan. Ya bar fuloti mai tsakar gida. Ya kawo ruwa kusa. Ya sa injin markaɗe inda yarinya za ta je ta dawo ba ta tsallaka babban titi ba.

Jama'a masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan faɗaɗa garuruwanmu. Muna cewa ƙaramar hukuma ta riga bulo isa fili, kuma in ta isa, ta fara da hanya da wurin sana'a.

Yanzu ga tambayar da na san tana ran wasu. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne kuwa? Ba na gwamna ba ne?

Gaskiya ne, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda jama'a. Amma dokar nan ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen da ba na birni ba. Dokar tsara birane ta 1992 ita ma ta tanadi cewa a matakin ƙaramar hukuma ake tsara taswirar gari da ta karkara. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya lissafa ayyukanta ƙarara. Kasuwa da tashar mota nata ne. Maƙabarta tata ce. Titunan cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara nata ne. Har sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, aikinta ne. To, wanda aka ɗora wa gina magudana, yaya za a ce ba ruwansa da inda magudanar za ta bi?

A Jihar Kaduna akwai hukumomi biyu da ba a tsallake su. KADGIS, wadda aka kafa da doka a 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye da takardun mallaka. KASUPDA kuma ita ke kula da tsarin gari da izinin gini. Saboda haka ciyaman ba zai zauna a ofis shi kaɗai ya zana unguwa ba. Amma ma'aikacin da ke Kaduna bai san inda ruwa yake kwanciya a Nasarawan Doya ba. Bai san gonar da ake shirin sayarwa bayan girbi ba. Kansila ya sani, dagaci ya sani, sarkin noma ya sani. Aikin ƙaramar hukuma shi ne ta tattara wannan sani, ta ɗauka ta kai, ta ce ga inda garinmu ya dosa, ku turo mana masu awo. In ta zauna jira, hukumomin nan suna da ƙananan hukumomi 23 a gabansu, kuma hankalinsu ya fi karkata ga manyan birane.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne uzurin kullum. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana jan ƙafa, kowa ya sani. Amma ko da kuɗin bai zo yadda ake so ba, ba kwalta nake roƙo ba. Shata hanya daban, zuba mata kwalta daban. A ƙasar Habasha, tun daga 2013, garuruwa irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar sun yi wannan dabara. Sun hango inda gari zai kai nan da shekaru masu zuwa. Suka auna manyan hanyoyi a cikin gonaki, suka kafa alamu, suka biya diyyar abin da hanyar ta ci kawai. Sauran gonar tana hannun mai ita, yana nomansa. Mu ma za mu iya. A kafa turakun siminti, a jera darbejiya a gefe biyu. Kwalta ta zo a lokacinta, ko bayan shekara goma ne, za ta tarar da wurinta.

To, yanzu mu dawo kan alkawarin da na yi, batun zama da mutane, musamman mai gona. A nan ne irin wannan shiri yake tashi ko ya faɗi.

Manomi yana jin an ce gwamnati za ta yi awo, sai gabansa ya faɗi. Yana da dalili. A dokar 1978, in an karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwa. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Sai a ƙirga masa 'yan mangwaro da ɗorawa, a ba shi abin da ba zai sayi rabin fuloti ba a cikin gonar da ya gada daga kakansa. Yana ji yana gani wasu su zo daga birni su mallake ta. Wannan tsoro ne yake sa mutane gaggawar kiran dillali. Gara in yanka in sayar tun ba a ƙwace ba. Ka ga ke nan tsoron awon gwamnati shi yake haifar da awon igiya.

Akwai hanyar da ta fi wannan adalci, kuma ba a sama take ba. Masu gonakin da ke jere su haɗa su wuri guda. A auna ta kowa, a rubuta a gaban shaidu. A cire kaso daga ta kowa, daidai gwargwado, saboda hanya da makaranta da maƙabarta da wurin sana'a. Abin da ya rage a mayar wa kowa a matsayin fulotai masu takarda. Filinka ya ragu a awo, amma ya ƙaru a daraja, don yanzu yana bakin hanya kuma ba mai tayar da kai. A jihar Gujarat ta Indiya da irin wannan tsari birnin Ahmadabad ya daɗe yana faɗaɗa. A Kano ma an san al'adar ba mai gona kaso daga fulotan da aka yanka a gonarsa. Abin da ake buƙata shi ne a faɗi kason tun farko, a bainar jama'a, kuma a cika.

In za a zauna wannan zama, a duba waɗanda aka saba mantawa. Akwai mai noma gonar aro ko ta jingina, wanda sunansa ba ya kan kowace takarda, amma da ita yake ciyar da iyalinsa. Akwai mata masu gado, waɗanda sau da yawa sai an sayar suke ji. Akwai marayu. Akwai ardo, don in sabuwar unguwa ta toshe burtali ko mashaya, shanu za su nemi hanya ta cikin gonar wani, kuma mun san abin da yake biyo baya.

Fadama kuwa, ina roƙo da babbar murya, a bar ta. Ita ce take ba mu rake da tumatir da albasa. Ita ce take riƙe matasa a gida da rani. Wanda ya yi gini a fadama ya kashe sana'a, kuma bai samu gida ba, don duk damina yana cikin kwalfar ruwa. A kai gidaje kan tudu. Taswirar da za a zana ta nuna ƙarara, daga nan zuwa nan ba a gini, ko ɗan wane ne.

Saura abu ɗaya, kuma sai an daure za a ji shi. Rabon fuloti. Sau nawa aka yi awo da sunan talaka, aka wayi gari fulotan suna hannun 'yan siyasa da manyan ma'aikata da 'yan korensu? Ba gini za su yi ba. Ajiyewa za su yi, su jira tsada. Unguwa ta zama kangaye da ciyawa, maɓoyar ɓata-gari. Filin da aka ware wa makaranta kuma, bayan shekara biyar sai ka ga an yanka shi a ɓoye, shaguna sun tsiro. Maganin wannan shi ne haske. A liƙa taswirar a sakatariya, a liƙa a ƙofar hakimi da ta dagaci. A karanta ta da Hausa a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, saboda wanda bai yi boko ba. A buga sunayen waɗanda aka ba fuloti. Filin da duk gari ya san na makaranta ne, ɓarawonsa zai sha wuya.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. An sabunta babbar hanyar Zariya zuwa Kano. Ana aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano. Makarfi tana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ɗalibai da ma'aikata suna neman ɗakunan haya. Duk waɗannan suna sa fili tsada, suna kuma jawo masu sayen gona daga nesa. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a ƙasar nan ba, amma ba sai an ƙidaya ba. Kowane mai unguwa zai iya nuna maka inda gari ya tsaya shekara goma da suka wuce, da inda yake yau.

Masu saurare, kafin mu rabu, ga saƙona gare ku.

Malam mai shirin sayen fuloti, kada ka biya sai ka taka hanyar da ƙafarka, ka ga inda ta fita. Ka tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa yake bi. In da hali, ka je ka ga filin a watan Agusta. Alhaji mai gona a bakin gari, kafin ka kira dillali, ka kira maƙwabtanka na gabas da yamma, ku daidaita hanya ɗaya da za ta ratsa gonakinku duka. Hajiya, ke ma kina da kaso a gonar nan, ki nemi a yi da ke. Ranka ya daɗe hakimi, da dagatai da masu unguwanni, hannunku ne yake kan takardun nan, ku tambayi faɗin hanya kafin ku sa shi. Matasa masu ƙungiyoyin ci gaban gari, ku sami kansilanku a wannan mako. Ku tambaye shi, ina taswirar garinmu, kuma yaushe majalisa za ta zauna a kanta? In ya ce babu, ku nemi ya sa rana.

A nan zan dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.